Masu hasken fim: Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi

Idan aka tambayi mai sayar da kayan miya a kasuwar Tanut, ko mai tebur a Belbeji, sunayen ƴan wasan dandalin soyayya, kafin a rufe baki za a ji an jero Ali Nuhu da Adam A. Zango da Hadiza Gabon da marigayi Rabilu Musa Ibro, a haɗa har da mawaƙiya Fati Nijar, ƴar ƙasarmu. Amma idan aka ce a faɗi sunan mutum ɗaya tak daga cikin masu riƙe fitila a wurin ɗaukar waɗannan finafinai, sai wuri ya yi tsit. Sunayensu kan zo ne a can ƙarshen fim, cikin rubutun nan da ke gudu, lokacin da mai gidan kallo ya riga ya miƙe zai canja faifai, ko mai kallo a waya ta riga ta latsa kashi na gaba.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wannan batu a wannan shafi na ƴan kasuwa shi ne, sana'ar ta riga ta iso ƙofar gidajenmu. A yau da wuya a yi biki ko suna ko taron siyasa a garuruwan Damargu ba a ga samari da kyamara da fitila da janareta ba, wasunsu kuma sun fara ɗaukar gajerun wasanni da waƙoƙi suna ɗorawa a YouTube da TikTok. Waɗannan samari ƴaƴan ƴan kasuwa ne. Sau da yawa uwa ce ke kwasar adashe ko ta sayar da akuya ta haɗa wa ɗanta kuɗin kayan aiki. Saboda haka ya kamata iyaye su san irin aikin da ƴaƴansu suka shiga, da haɗarin da ke ciki, da kuma yadda masu irin wannan sana'a a wasu ƙasashe suka haɗa kai har suka samu haƙƙinsu.

Mene ne aikin mai haske?

Mutane da yawa sun ɗauka aikin mai haske bai wuce ya kunna fitila ya riƙe ba. Gaskiyar magana ita ce, kyamara ba ta gani kamar yadda idon mutum ke gani. Ɗakin da kike ganin komai sarai a cikinsa, kyamara na iya ɗaukarsa duhu dunɗum. Fuskar da kike gani sumul da tsakar rana, kyamara na iya fito da ita da baƙar inuwa a ƙarƙashin idanu da hanci, domin rana na bisa kai. Shi ya sa masana aikin suka fi son hantsi da yamma liƙis, kuma ko da rana tsaka za a ga yaro riƙe da wani faifai mai ƙyalli da ake kira rifilakta, yana maido hasken rana a fuskar ɗan wasa.

Ƙa'idar farko da ake koya wa ɗan koyo ita ce ta fitila uku. Ta farko ita ce babbar fitila, wadda ake kafawa a gaban ɗan wasa amma a ɗan karkace. Ta biyu mai sanyi ce, aikinta ta rage inuwar da ta farko ta haifar. Ta uku ana kafa ta daga baya, don ta raba mutum da bango, kada ya fito kamar hoton da aka liƙa. Da waɗannan fitilu uku gwani kan mai da rana dare, ya sa ɗakin talaka ya yi kama da na talaka, falon alhaji ya yi kama da na alhaji.

Bugu da ƙari, haske ma launi gare shi. Tsohuwar fitilar da ke da zaren wuta a ciki haskenta ja-ja ne, masana na auna shi da kelbin 3,200, hasken rana kuma fari ne mai ratsin shuɗi, kelbin 5,600 ko kusa da haka. Idan aka haɗa su a ɗaki ɗaya ba tare da gyara ba, sai rabin fuskar amarya ya fito ja, rabi shuɗi. Duk wadda ta taɓa karɓar bidiyon bikin ƴarta ta ga lalle da atamfa sun canja launi, to ga inda matsalar take.

Akwai kuma batun baƙar fata. Shekaru da dama kamfanin Kodak na Amurka yana daidaita launin hotunansa ne da hoton wata Baturiya, saboda haka kayan aikin tun asali da farar fata aka gwada su. Haska baƙar fata ta fito da kyanta, ko haska mutum biyu, fara da baƙi, a hoto ɗaya ba tare da an ƙone ɗaya ko an ɓatar da ɗaya ba, ilimi ne mai zaman kansa. Inda aka samu gwanin haske, ƴar wasa ba ta da hujjar shafa man bilicin wai don kyamara ta karɓe ta.

Kowa da matsayinsa

Kamar yadda babban shago ke da maigida da babban yaro da yaran shago da ƴan dako, haka sashen haske yake a manyan kamfanonin fim na duniya. A sama akwai daraktan ɗaukar hoto, wanda shi da daraktan fim ke yanke yadda hoton zai kasance. A ƙarƙashinsa akwai shugaban masu haske, wanda Amurkawa da Ingilawa ke kira gafa, Faransawa kuma su ce shef elaktirisiyan. Shi ke faɗin irin fitilar da za a kafa, da inda za a kafa ta, da ƙarfin wutar da ake buƙata.

Mai bi masa shi ne mataimakinsa, wanda ake kira bes-boi. Shi ne kamar babban yaron shago: shi ke riƙe da lissafin kaya, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke rubuta awannin da kowa ya yi, shi kuma ke tabbatar da an rarraba wuta yadda waya ba za ta ɗauki zafi ba. Daga nan sai ƴan fitila masu kafawa da saukewa da ja da naɗe waya, sai kuma mai janareta, wanda aikinsa kenan tun safe har a tashi. A gefe guda akwai wani rukuni da Amurkawa ke kira girif, Faransawa su ce mashinis, masu kafa ƙarafa da labulen tare haske da keken da kyamara ke tafiya a kai.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Idan kowane aiki na da suna, to yana da farashi. Idan yana da farashi, yaro ya san abin da zai samu in ya ƙware ya hau mataki na gaba. Idan kuma wani abu ya lalace, an san wanda za a tambaya. Irin waɗannan ƙwararru sun taɓa aiki a ƙasarmu: fim ɗin The Sheltering Sky na Bernardo Bertolucci ɗan Italiya, wanda ya fito a 1990, an ɗauki wani sashensa a Agadas, arewa da mu, kuma daraktan ɗaukar hotonsa, Vittorio Storaro, sau uku yana cin kyautar Oscar a kan gwanintar sarrafa haske.

A wurinmu kuwa, a ƙananan ayyuka, mutum ɗaya ne gafa, shi ne bes-boi, shi ne mai zuba wa janareta mai, kuma in an tashi cin abinci shi ake aika ya sayo ruwan leda.

Wasa da wuta

Ba a banza Faransawa ke kiran mai haske da sunan mai aikin lantarki ba. Wutar da muke amfani da ita a Nijar bolt 220 ce. Tsohuwar fitilar nan mai jan kai da aka daɗe ana aiki da ita tana cin wat 800, babbar yayarta kuma wat 2,000, wato tana jan fiye da amfiya 9 ita kaɗai. Ƙaramin janaretan da ake kunnawa a shago, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ko fitila biyu masu jan kai ba zai ɗauka ba. Wanda bai san wannan lissafi ba, shi ke jona fitilu uku a siririyar waya guda, ta narke a ƙarƙashin tabarmar da mata da yara ke zaune a kai.

Wutar da za ta kashe mutum ba ta da yawa. Kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, in ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake ƙera na'urar da ke katse wuta da kanta in ta ji wuta ta zurare daidai wannan adadi. Mutum nawa ne cikin masu ɗaukar biki ke da ita? Wayar da aka ɗaure da leda, da danshin ƙasa a lokacin damina, da yaro mai takalmin silifa ko ma ba takalmi, su ne ke haɗuwa su jawo abin da ba a fata.

Haka zalika tsofaffin fitilun nan mafi yawan wutar da suke ci zafi take zama, har suna iya ƙona hannu ko su kama labule. Ƙwansu ba a taɓa shi da hannu tsirara, domin maiƙon yatsa na sa ya fashe in ya yi zafi. Iskar hunturu da guguwar farkon damina na iya kayar da fitilar da aka kafa a doguwar ƙafa in ba a danne ta da buhun yashi ba. Shi kuma janareta, saboda ƙararsa na shiga makirufo, akan tura shi cikin zaure ko wani ɗaki a rufe, alhali hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, mai kashe mutum cikin barci.

Fitilun zamani na LED sun rage zafi da cin wuta ƙwarai, wasunsu ma da batir suke aiki, abin da ya zama sauƙi ga ƙauyukan da wutar NIGELEC ba ta kai ba. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024, kuma a wannan tsakani kowa ya ga darajar janareta da faifan sola. Sai dai sauƙin kayan ya sa kowa na ganin zai iya, ana shiga sana'ar ba tare da koyo ba.

Yadda na ƙetare suka samu haƙƙinsu

A Amurka ma ba daga sama gata ya faɗo wa masu haske ba. A shekarar 1893 ma'aikatan bayan fage na gidajen wasan kwaikwayo suka taru a birnin New York suka kafa ƙungiyar ƙwadagon da ake kira IATSE, wadda ke da mambobi sama da 160,000 a Amurka da Kanada. Ƙungiyar na da rassa bisa ga sana'a: reshe mai lamba 728, wanda aka kafa a 1939, shi ne na masu hasken finafinan Hollywood, reshe mai lamba 80 kuma na masu kafa ƙarafa ne. Kowane mataki na aiki da mafi ƙarancin kuɗinsa na awa a rubuce, da ƙarin kuɗi in an wuce lokaci, da tara a kan kamfani in an jinkirta abinci, da asusun magani da na fansho.

Babban abin da suka daɗe suna faɗa a kai shi ne tsawon awannin aiki. A watan Maris na 1997 wani mataimakin mai kyamara, Brent Hershman, ya rasu a hatsarin mota bayan barci ya kwashe shi yana tuƙi, bayan ya yi awa 19 yana aiki a wurin ɗaukar fim ɗin Pleasantville. A watan Oktoban 2021 aka kira ma'aikata kimanin 60,000 su kaɗa ƙuri'a a kan yajin aiki, kuma fiye da kashi 98 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa suka amince. Ganin haka manyan kamfanoni suka sauko ranar 16 ga watan, kwana biyu kafin cikar wa'adin, aka amince da hutun awa 10 tsakanin tashi daga aiki da dawowa, da hutun awa 54 a ƙarshen mako.

A Faransa kuwa wata hanya aka bi. Tunda aikin fim yau akwai gobe babu, sai aka yi wa ma'aikatansa tsari na musamman: wanda ya tara awa 507 na aiki a cikin wata 12, yana da haƙƙin samun tallafin rashin aiki a kwanakin da yake zaune. Da aka nemi tsaurara wannan tsari a 2003, ma'aikatan suka yi yajin aikin da ya sa aka soke babban bikin wasan kwaikwayo na birnin Avignon a wannan shekara.

Ba muna cewa a kwaso dokar Hollywood a dasa a Tanut ba ne, domin kuɗin fim ɗinsu guda ya fi abin da dandalin soyayya ke juyawa a shekaru. Darasin shi ne, ma'aikatan sun ware kansu daga masu ɗaukarsu aiki, suka yi ciniki da murya ɗaya.

Halin da ake ciki a Kano

Kano ce cibiyar finafinan da muke kallo. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, zuwa Sangaya da ya girgiza kasuwa wajen shekarar 2000, sana'ar ta tashi ne a hannun ƴan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da ƴan kasuwar kaset, kuma yawancin masu aikin bayan fage a wurin aiki suka koya, yaro ya bi maigida har ya iya. Makarantar koyon fim ta tarayya tana Jos, sai dai ba kowa ke da halin zuwa ba.

Akwai ƙungiyoyi, babbar cikinsu ita ce MOPPAN, wadda ta haɗa rukunin furodusoshi da daraktoci da ƴan wasa da masu tace hoto da masu ɗaukar hoto. Ta yi rawar gani wajen tsaya wa masana'antar a gaban hukuma. A watan Maris na 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Bayan rikicin da ya ɓarke a watan Agustan 2007, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka ce kowane kamfani sai ya nuna naira miliyan 2.5 a banki, kowane ɗan fim kuma sai ya yi rajista. MOPPAN ta kai ƙara kotu, wasu ƴan fim suka koma Kaduna da Jos. A watan Yulin 2023 sabon shugaban hukumar, Abba El-Mustapha, ya soke lasisin kowa ya ce a sabunta, a watan Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, har sai an kai mata ta duba.

A duk lokacin da aka rufe aiki irin haka, jarumi na da talla da wasan sallah da zai riƙe shi, furodusa na da tsofaffin finafinai a kasuwa. Mai fitila kuwa ranar da ba a fita lokeshin ba, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙungiyar da ta haɗa mai biya da wanda ake biya a inuwa ɗaya za ta iya tunkarar gwamnati, amma da wuya ta tsaya wa yaro a kan maigidansa, kamar dai a ce dillali da mai shanu da mai saye duk ɗan ƙungiya ɗaya ne ranar da aka yi rigimar la'ada. A watan Fabrairun 2022 tsohuwar ƴar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa ƴan dubban naira kaɗan ake sallamarta da su in ta fito a fim, maganar da ta tayar da ƙura, wasu furodusoshi suka musanta, wasu suka ce gaskiya ta faɗa. To idan wadda duniya ta san fuskarta ke wannan kuka, ina ga wanda ba a taɓa ganin tasa fuskar ba? Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya maye gurbin faifai, finafinai masu dogon zango sun sa aikin ya ƙaru, ana shafe makonni ana ɗauka dare da rana, saboda haka batun awanni da hutu ya ƙara zama dole.

A nan gida Nijar

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a harkar silima. Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar Dokin Yennenga ta bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, ga Moustapha Alassane da Djingarey Maïga, ga kuma ƴar Damagaram, Aïcha Macky, wadda fim ɗinta mai suna Zinder ya zaga duniya a 2021. A 2008 aka kafa cibiyar kula da silima ta ƙasa, CNCN, ga kuma makarantar nan ta Yamai da a da ake kira IFTIC, mai horar da ma'aikatan rediyo da talabijin. Amma tarihin ya nuna cewa suna ba ya cika tumbi: Zalika Souley, tauraruwar finafinan farko, wadda ta rasu a 2021, fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kanta ya nuna irin ƙuncin da ta shiga bayan tashe ya wuce.

Ma'aikatan gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wanda aka sani da ORTN kafin a mai da shi RTN a 2022, suna da albashi da ƙungiyar ƙwadago irin su SAINFO, kamar yadda takwarorinsu na Najeriya ke da RATTAWU. Haka ma mai gyaran wuta da ke aiki a matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a ƙaramar hukumar Olelewa cikin gundumar Tanut, yana da kwantiragi da takardar albashi. Amma yaron da ke jan waya a gidan biki, da wutar lantarki iri ɗaya yake wasa, kuma ba ya cikin littafin kowa.

Alhali doka ba ta ware shi ba. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ta ba ma'aikata ƴancin kafa ƙungiya, ta tsayar da awa 40 a mako, ta kuma ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Hatsarin wurin aiki asusun CNSS ne ke ɗaukar nauyinsa ga wanda aka yi wa rajista. Tun daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, wato jika 42 a wata. Sai dai doka ba ta bin mutum gida, sai an je mata, kuma wanda ya je shi kaɗai ba a cika saurarensa ba.

Abin yi a Damargu

Ƴan kasuwa ba sa buƙatar a koya musu amfanin haɗin kai. Mahauta na da sarkin fawa, maƙera na da sarkinsu, direbobi na da sandika a kowace tasha, mata na da adashe da asusu. Abin da ya rage shi ne masu bidiyo da fitila na Tanut da Belbeji da Gangara da Bakin Birji su yi koyi, tun sana'ar tana ƙarama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na farko, su san junansu, a rubuta sunan kowa da aikin da ya iya, a bambanta ɗan koyo da mataimaki da gwani, a kuma bambanta mai kaya da mai aiki, kowane rukuni da bakinsa. Na biyu, a tsayar da mafi ƙarancin kuɗin yini na kowane mataki, da ƙarin da za a biya in aiki ya kai tsakar dare, a kuma rubuta ciniki a takarda gaban shaidu kafin a ɗauki kaya, a daina "sai an sayar" da "za mu yi magana". Na uku, a buɗe asusu, kowa ya riƙa zuba wani abu daga kowane aiki, don ranar da wuta ta ja wani ko fitila ta faɗo masa. Na huɗu, a nemi ƙwararren mai aikin lantarki ya koya wa yara lissafin wat da waya, a kuma hana ɗan koyo taɓa janareta shi kaɗai. Daga nan sai a nemi takardar izini wurin hukuma, a kuma tuntuɓi ofishin sufeton ƙwadago da ke Damagaram da manyan ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN don neman shawara.

Sai dai a yi hattara, kada ƙungiya ta zama ta karɓar kuɗin kati da rabon muƙamai kawai, ko ta zama sandar hana sababbi shigowa. A riƙa karanta lissafin asusu a bainar jama'a, a riƙa canja shugabanni a kan lokaci.

Ku kuma iyayenmu mata da alhazan kasuwa, akwai naku kason. In za a ɗauki mai bidiyon biki, a tambaye shi yara nawa zai zo da su da abin da zai ba su, a sa su cikin lissafin abinci, a ba janareta wuri a sarari, a kuma hana yara ƙanana zama kusa da waya. In ɗanki ya ce zai bi wani ya koyi aikin, a je a ga maigidan, a yi magana a kan tsawon koyo da abin da zai riƙa samu, kamar yadda ake yi in za a kai yaro wurin tela ko makanike. Masu shirya fim da gidajen rediyo da talabijin su ma su riƙa ambaton sunayen masu aikin bayan fage, domin da suna ake samun aiki na gaba.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu a wurin nemansu, Ya sa albarka a sana'ar kowa, amin.